Mas'alar Haraji A Kan Gudunmawar Masu Yajin Aiki

 Ga wata mas'ala wadda a ganin farko sai a ce ta masu albashi ce kaɗai, amma in an bi sawunta sai a tarar ta biyo ta ƙofar mai awon hatsi, ta biyo ta ƙofar malamin allo. Mas'alar kuwa ita ce: idan ma'aikata suka shiga yajin aiki, aka tsai da albashinsu, sa'an nan ƙungiyarsu ta buɗe asusunta ta ba kowa ɗan abin da zai riƙe gida, shin wannan kuɗi samu ne irin na albashi, wanda ya wajaba a fitar wa Gwamnati haraji daga cikinsa, ko kuwa gudunmawa ce wadda hannun mai tara haraji ba shi da hanya a kanta?

Abin da ya sa zancen ya shafi kasuwa a fili yake. A Maradun da Talata Mafara da Bakura galibin masu ɗaukar albashi ma'aikatan hukuma ne: malaman firamare, da ma'aikatan ƙaramar hukuma, da na asibiti, da na Kwalejin Abdu Gusau ta Talata Mafara. Kusan kowane mai kanti yana da littafi wanda ke ɗauke da sunayensu, ana rubuta tiyar gero da kwalbar mai har ƙarshen wata ya zo a soke. Ran da albashi ya tsaya, littafin nan ba ya tsayawa, sai dai ya daɗa kauri. Malamin allo kuma ya ga kuɗin Laraba sun ja baya, gama uban yara ba shi da na cefane balle na makaranta. Saboda haka duk nairar da ta shiga hannun mai yaji, ba ta kwana a aljihunsa, gobe tana kasuwar Talata. Abin da aka zaftare daga cikinta, daga rumfar wani aka zaftare shi.

Dokar Nijeriya ba ta ɓoye matsayinta a kan albashin mai yaji ba. Sashe na 43 na dokar rikicin ma'aikata ya ce wanda ya shiga yajin aiki ba shi da hakkin albashi na kwanakin da bai yi aiki ba. An daɗe ana ganin sashen nan kamar barazana ce ta baka, sai a shekara ta 2022 aka ga aikinsa ƙuru-ƙuru. Ƙungiyar malaman jami'a, watau ASUU, ta shiga yaji ran 14 ga Fabrairu, ba ta janye ba sai ran 14 ga Oktoba, wata takwas cur, Gwamnatin Tarayya kuwa ta riƙe albashi. Ran 30 ga Mayu 2023 Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ta yanke cewa riƙewar tana bisa doka. Daga baya aka yi sassauci, aka biya albashin wata huɗu a farkon 2024.

A nan ya kamata a rarrabe abu biyu waɗanda mutane kan cuɗa. Albashin da aka riƙe, sa'an nan aka sake shi bayan sulhu, albashi ne, ko da ya shekara biyu a hanya. Daga hannun mai aiki ya fito, da ma'aunin matsayin ma'aikaci aka auna shi, kuma babu mai hankalin da zai yi gardamar a cire masa haraji. Wanda ake magana a kansa shi ne ɗayan, watau abin da 'yan'uwan ma'aikaci suka tara suka miƙa masa sa'ad da tukunyarsa ta huce.

Irin wannan taimako ya girmi ƙungiyoyin yanzu. A babban yajin 1945, wanda ya fara cikin watan Yuni ya wuce kwana 40, wanda Michael Imoudu na ma'aikatan reluwe ya yi suna a cikinsa, babu wani asusu mai kauri da ya riƙe ma'aikata. Matan kasuwar Ikko ne suka sauke musu farashin abinci, masu gidajen haya suka ɗaga musu ƙafa, jama'a suka yi karo-karo. Mutanen ƙasar Maradun kuma ba sai an karanta musu yadda ake rayuwa a kan taimakon dangi ba. Dattawa suna tune da zamanin aikin madatsar Bakolori, wadda aka gama a 1978, sa'ad da manoma suka ga damina ta wuce ba su yi shuka ba domin ana baje gonakinsu, suna jiran diyya, har abin ya kai ga zub da jini a watan Afrilu na 1980. Buhun dawar da ɗan'uwa ya aiko daga wani gari a waɗannan shekaru, ba wanda ya kira shi riba.

Dalilin da ya sa mas'alar ba ta yi zafi a Nijeriya ba tukuna shi ne, ƙungiyoyin ƙwadago na nan ba su saba da ajiye asusun yaji mai ƙarfi ba. Yaji kan zo, kowa ya koma ga gonarsa, ko ga bashi, ko ga ƙungiyar gama-kai ta wurin aikinsa. Amma tun da kotu ta tabbatar da hukuncin ba aiki ba biya, duk ƙungiya mai hangen nesa dole ta fara tunanin rumbu. Ga shi kuma sabuwar dokar haraji, wadda aka sa wa hannu ran 26 ga Yuni 2025 ta fara aiki ran 1 ga Janairu 2026, an yi ta ne domin a faɗaɗa koma, a san abin da ke shiga hannun kowa. In rumbu ya cika, koma kuma ta faɗaɗa, ba makawa wata rana su haɗu. Gara a yi shawarar tun ana sanyi, kada ta zama ihu bayan hari.

Ƙasashen da suka riga shiga wannan rami ba su fita ta ƙofa ɗaya ba. A Amurka ƙa'idar da aka fi bi ita ce kuɗin yaji samu ne, ana biya masa haraji. Duk da haka akwai shari'a sananniya ta wani ma'aikaci mai suna Kaiser, na kamfanin Kohler a jihar Wisconsin, inda aka fara yaji a watan Afrilu na 1954. Mutumin nan bai ko shiga ƙungiya ba sa'ad da ta fara taimakonsa. Ba ta ba shi tsaba ba, sai ta biya masa kuɗin ɗaki, ta ba shi takardar karɓar abinci a kanti, kuma gwargwadon bukatar mutum take bayarwa. Abin da ya samu a shekarar bai kai dala 600 ba. Hukumar haraji ta ce sai ya biya, masu taya alƙali shari'a suka ce kyauta ce, magana ta hau har Kotun Ƙoli, ita kuwa a 1960 ta bar hukuncinsu yadda yake, ba tare da ta mai da shi ƙa'ida ga kowane yaji ba. A Kanada Kotun Ƙoli ta yanke a 1990, cikin shari'ar Fries, cewa kuɗin yaji ba ya cikin irin samun da dokar haraji take nufi. A shekarar nan kuma babbar kotun haraji ta Jamus ta kai ga irin wannan matsayi. A Ingila ma ba a karɓar haraji a kansa.

Mai karatu zai lura da wani abin mamaki. A Kanada ma'aikaci yana cire kuɗin ƙungiyarsa na shekara daga lissafi kafin a yi masa haraji, sa'an nan in kuɗin suka komo masa ran yaji ba a taɓa su, watau sun kuɓuta shiga da fita. A Amurka kuwa tun 2018 ma'aikaci ba ya cire kuɗin ƙungiya daga lissafin harajin tarayya, ga shi kuma ana yi wa kuɗin yaji haraji, watau an kama su shiga da fita. Ɗaya ta saki da yawa, ɗaya ta matse da yawa. Ba lalle ne Zamfara ta kwaikwayi ko ɗaya daga cikinsu ido rufe ba.

To, ina gaskiya ta fi karkata? Malamai sun san cewa ba a yanke wa dukiya hukunci sai an san ta wace ƙofa ta shigo. Babin ijara dabam, babin hiba dabam. A ijara akwai aiki sananne, da lada sananne, da wanda aka yi wa aikin, kuma in ya ƙi biya ana kai shi gaban alƙali. Sai a ɗora kuɗin yaji a kan wannan ma'auni. Wane aiki mai yaji ya yi wa ƙungiya? Bai koyar mata da yaro ba, bai ɗaure mata miki ba, bai rubuta mata takarda ba. Zama ya yi a gida, zaman kuwa domin bukatar kansa ne, gama albashinsa ne ake neman a ƙara. Ƙungiyar ma ba wata baƙuwa ba ce mai dukiyar kanta. Su ma'aikatan ne, kuɗin da ke asusunta kuwa daga albashinsu aka riƙa tsakura wata-wata. Mutum ya zuba hatsi a rumbun gayya da kaka, ya zo ya ɗiba da bazara, ba a ce ya yi sabon girbi ba.

In wani ya ce: ai abin da ya tsaya a madadin wani abu yakan ɗauki hukuncinsa, kamar yadda taimama take tsayawa a madadin alwala; kuɗin yaji kuwa a gurbin albashi ya zo, saboda haka hukuncin albashi ya hau kansa. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi a hannun masu tara haraji, kuma ba ta wasa ba ce. Amsarta ita ce, taimama ta ɗauki hukuncin alwala domin tana isarwa ga abin da alwala take isarwa, kuma wanda ya wajabta ta farin shi ne ya halatta ta biyun. Gudunmawar yaji ba ta sauke wa mai aiki nauyin ko kwabo, ba ta shiga lissafin fansho, ba ta bin matakin albashi, ba daga aljihun da albashi ke fitowa ta fito ba. Abin da kaɗai ya haɗa su shi ne dukansu tuwo ake saye da su. In wannan ya isa ya mai da kuɗi albashi, to, abin da ɗa ya aiko wa tsohonsa daga Kano shi ma albashi ne, haka gudunmawar da ake kai wa wanda gobara ta cinye wa rumfa.

In kuma wani ya ce: kwatanta shi da adashi ko rumbun gayya bai cika ba, domin a adashi abin da mutum ya zuba shi yake kwasa, a asusun ƙungiya kuwa wanda ya shiga bara yana iya karɓar daidai da wanda ya shekara ashirin yana zubi, ko ma fiye in iyalinsa sun fi yawa. Wannan gaskiya ne, kuma ya kamata a karɓe shi. Sai dai rarar da sabon shiga ya samu a kan abin da ya zuba, daga ina ta fito? Daga albashin abokan aikinsa, waɗanda suka yarda a ba mabukaci. Kashi ɗaya ajiyarsa ce ta komo, kashi ɗaya kyautar 'yan'uwa ce. Ko ta wace fuska aka juya kuɗin, ba a ga ladan aiki a jikinsu ba.

Game da zakka, kada a ɗora mata abin da ba ta ɗauka ba. Harajin Gwamnati ba zakka ba ne, kuma a mazhabar Malikiyya ladan aiki da kyauta da gado duk hanya ɗaya suke bi, sai sun kai nisabi sun shekara a hannu, ribar ciniki ce take bin shekarar uwar kuɗi. Saboda haka babin zakka bai raba gardamar albashi da gudunmawa ba. Amma akwai abin lura a cikin tsarinta, watau tana jiran dukiya ta zauna ta yi saura, ba ta tare ta a bakin ƙofa. Kuɗin da ya shigo da hantsi ya zama garin tuwo kafin la'asar, ba irinsa ake bi da awo ba. Ƙasar nan kuma tana da dogon tarihi na ƙyamar harajin da ke hawa kan marar ƙarfi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafta jangali da kuɗin gari cikin abubuwan da ya soki sarakunan zamaninsa da su a Kitabul Farƙi, kuma a 1979 gwamnatocin Kano da Kaduna suka soke haraji da jangali, talakawa suka yi ta murna.

Sai a zo ga lissafi, gama 'yan kasuwa ba su yarda da magana sai sun ga alƙalami. A ƙarƙashin sabuwar doka naira 800,000 na farko na samun mutum a shekara ba su da haraji, naira miliyan 2.2 da suka biyo baya kuwa ana cire musu kashi 15 cikin 100. Mafi ƙanƙantar albashi tun Yulin 2024 naira 70,000 ne a wata, watau 840,000 a shekara. A ƙaddara mai wannan albashi ya rasa wata biyu saboda yaji, saura 700,000. Ƙungiya ta ba shi 25,000 sau biyu, jimla 750,000. Ko an kira gudunmawar albashi, bai kai bakin haraji ba. A ƙaddara kuma wani mai 150,000 a wata ya rasa wata uku, watau 450,000 sun tafi, ƙungiya ta ba shi 30,000 sau uku, 90,000 ke nan. Harajin da zai hau kansu 13,500 ne. Gwamnatin da ta riga ta ajiye 450,000 a baitulmalinta, ita ce za ta aiko a karɓi 13,500, kashi 3 cikin 100 na abin da ta riƙe. Ga baitulmali wannan bai kai a ɗauki akawu dominsa ba. Ga mai gida kuwa cefanen kwanaki ne. Masu zaton akwai wata taska a nan, kallon kitse suke yi wa rogo.

Akwai kuma wani abu wanda ya fi kuɗin nauyi. A Wisconsin mai aiki kamfani ne, mai haraji kuwa hukuma ce, kowa da gidansa. A Maradun da Bakura mai aiki da mai haraji gida ɗaya suke kwana, domin harajin albashi jiha yake shiga, jihar kuwa sau da yawa ita ce abokiyar jayayya. Kafin a yi wa gudunmawa haraji sai an nemi ƙungiya ta kawo sunan duk wanda ya karɓa, da abin da ya karɓa, da ranar da ya karɓa. Takardar nan, ko an sa mata wane suna, jerin masu yaji ce, za a miƙa ta ga wanda ke da ikon ƙarin girma da canjin wurin aiki. Ko da mai riƙe da ofis a yau mutumin kirki ne, takarda takan fi mai ofis daɗewa. Alƙali ba ya zama a shari'ar da yake da rabo a cikinta. Hukumar da ke cikin rigima bai kyautu ta riƙe makullin rumbun abokin rigimarta ba.

'Yan kasuwa suna da ƙorafi nasu, kuma ya cancanci a saurara. Sukan ce: mai rumfa yana biyan kuɗin tikiti ko an yi ciniki ko ba a yi ba, ba shi da fansho, ba shi da ƙungiyar da za ta ciyar da shi, don me za a keɓe wa mai albashi wata alfarma, alhali shi da kansa ya zaɓi ya ajiye aiki? Sun kuma ɗanɗana zaman dole a watan Satumba na 2021, sa'ad da aka rufe kasuwannin mako na Zamfara aka katse layukan waya saboda 'yan bindiga. Amma su tuna yadda aka ƙetare waɗannan makonni. Uban gida ya ɗauke wa yaronsa bashi, abokin ciniki ya aiko da abin da ya sawwaƙa, 'yan layi ɗaya suka yi wa junansu karo-karo. Da mai tara haraji ya zo a lokacin ya ce a kawo lissafin abin da kowa ya samu na taimako, da kasuwa ta tashi. Ƙa'idar da za ta kāre mai yaji ita ce za ta kāre asusun mahauta da na masu hatsi da na direbobi. In an buɗe ƙofar haraji a kan ɗaya, sauran su shirya.

Duk da haka ba kowane kuɗi da ya fito daga ƙungiya a lokacin yaji ne ya cancanci kuɓuta ba, kuma shugabannin ƙwadago ba za su so jin wannan ba. Sakataren da ƙungiya ta ɗauka aiki tana biyansa wata-wata, albashi yake ci, haraji ya hau kansa ko ana yaji ko ba a yi. Wanda aka biya domin ya tuƙa mota ko ya tsare ƙofa na sa'o'i ƙididdigaggu, ijara ce sak. Alawus ɗin zama da shugabanni kan yanka wa kansu a ɗakin taro, shi ma haka. Idan kuma wata ƙungiya mai ƙarfi ta ce za ta mayar wa kowa cikakken albashinsa bisa matakinsa, babba ya kwashi babba, ƙarami ya kwashi ƙarami, ba tare da duban bukata ba, to, ta matsa kusa da hujjar masu taimama, kuma ba za a zargi hukuma ba in ta sa iyaka ta ce abin da ya haura kaza a wata a kawo shi lissafi.

Abin da ya rage shi ne a rubuta wannan a fili, kada a bar shi ga ra'ayin kowane jami'in da ya zo. Wakilan wannan yanki a Majalisar Tarayya suna da ikon kawo gyara na layi biyu: gudunmawar da ƙungiya mai rajista ta ba mambanta saboda bukata a lokacin yaji ba samu ba ce, sai abin da aka biya a kan aiki. Hukumar haraji ta jiha a Gusau kuma tana iya bayyana fahimtarta tun yanzu. Su kuma ƙungiyoyi, aikinsu ne su raba asusun yaji da asusun ofis, kowanne da littafinsa da ma'ajinsa, su sa mai binciken lissafi daga waje ya riƙa tabbatar da jimla ba tare da an fitar da sunaye ba. Akwai ma dabarar da aka gani a shari'ar Kaiser wadda ta dace da ƙasar nan ƙwarai: maimakon tsaba, ƙungiya ta yi yarjejeniya da masu hatsi na Talata Mafara da na Maradun, ta ba mamba takardar karɓar tiya kaza gwargwadon yawan iyalinsa, mai rumfa ya tara takardun ya kai wa ma'aji a biya shi kowace Talata. Ta haka ba mai musun cewa abinci aka bayar, mai rumfa kuwa ya sami kuɗinsa hannu da hannu maimakon ya buɗe sabon shafi a littafin bashi.